Ranar da Turmi Ya Hau Bene

Duk wanda ya san Rufaida Haliru a Gusau, in aka ce masa tana tsoron magana, dariya zai yi. Ita ce ta riƙe kofin muhawara na makarantarsu har ta gama, ita ce kuma in ta shiga kasuwa taya atamfa, mai shago kan sa a kawo mata kujera da ruwa, don ya san zaman zai yi tsawo. A gida ma, mahaifinta da ya tsufa yana aiki a sakatariyar jiha ya daɗe da daina ja da ita. In ta fara jero hujjoji, sai ya ɗauki buta ya ce lokacin salla ya gabato.

Amma akwai wata 'yar jar fitila a saman ƙofar ɗakin watsa shirye-shirye na Rediyon Maƙwabta, ba ta fi ƙwan zabo girma ba. Da zarar ta kama, alamar murya ta fita duniya ke nan, sai maƙogwaron Rufaida ya bushe kamar ta haɗiyi garin rogo ba ruwa.

Rediyon Maƙwabta ƙaramin gida ne na al'umma, a saman wani bene a Tudun Wada, ƙasansa shagon tela. Muryarsa na kaiwa Bungudu ta wannan gefe, Tsafe ta wancan. Rufaida da kanta ta kawo shawarar shirin, ta sa masa suna "Daga Ina Waƙa?" A zauna da masu waƙa da hantsin Asabar, a tambaye su yadda suke ƙulla baiti, ina kalma ke fitowa, yaya ake ɗora ta a kan murya. Gaskiyar magana, kanta ta fara yi wa shirin. Ta daɗe tana rubuta waƙoƙi a wayarta, kalmomi masu kyau a ido, amma in ta zo rerawa sai su ƙi zama, kamar an sa wa yaro babbar rigar babansa.

Asabar ta farko ta gayyato wani matashin mawaƙi daga Tsafe, Muslim sunansa, mai waƙoƙin biki da kiɗan fiyano. Fitila ta kama, ta yi sallama da ƙyar, ta tambaye shi yadda yake fara waƙa, daga nan ba a sake jin ta ba. Muslim ya ga fili ba mai shi, ya baje kolinsa. Ya gaida iyayen gidansa ɗaya bayan ɗaya, ya gaida matansu, ya karanto lambar wayarsa saboda masu biki, ya sake karantowa a hankali saboda waɗanda suka tafi neman biro. Rufaida na zaune tana kallon bakinsa, tambayoyinta duk sun tsaya mata a wuya.

Asabar ta biyu ta ce ba za a sake ba. Ta rubuta komai a takarda, har da inda za ta yi dariya. Fitila na kamawa ta kama karatu kamar wadda kare ya biyo, ta cinye shirin gaba ɗaya kafin a kai rabin lokaci. Ma'u, wadda ke kula da na'urori a bayan gilashi, ta rasa abin cike gurbi sai sanarwar rigakafin dabbobi, ta yi ta maimaita ta. Da aka buɗe layin waya, wani dattijo daga Bungudu ya kira ya ce shi dai tambayarsa ɗaya ce: yarinyar nan lafiya take, ko wani abu ne ya shigo ɗakin?

Ran Litinin manajan gidan, Malam Idris, ya kira ta ofis. Tsohon malamin makaranta ne mai sanyin magana, kuma ba a taɓa ganinsa ba tare da ledar ƙuli-ƙuli ba. Wata ƙanwarsa ke aiko masa daga Tsafe, mai yaji da citta. Duk ma'aikatan gidan sun san ana iya aron babur ɗinsa, amma ba a roƙon ƙulinsa.

"Malama Rufaida," ya ce yana ɓantarar guda, "shirinki yana da kyau a takarda."

"A iska ma zai yi kyau, Malam."

"To, iskar muke jira. Asabar mai zuwa ita ce ta ƙarshe a gwaji. In aka sake irin na baya, zan ba Hamza lokacin ya ƙara a kan gaishe-gaishensa. Ba ƙin ki nake ba. Mutane ne ke kashe rediyo, in kuma suka saba kashewa da hantsin Asabar, ba su dawowa."

Hamza, mai shirin gaishe-gaishe, yana baranda yana shan shayi, kuma a fuskarsa ta gane ya ji komai.

"Hajiya mai waƙa, kar ki damu," ya ce. "In na karɓi lokacin, kullum ke zan fara gaisarwa, kafin ma masu shayin tasha."

"Adana gaisuwarka, Hamza. Za ka buƙace ta ranar da za ka zo taya ni murna."

Ta faɗa kai a sama, ta sauka bene a tsanake. Sai da ta wuce shagon tela, inda ba mai hango ta daga baranda, sannan ta jingina da bango.

Ba ta roƙi kowa ba. Mahaifinta ma ba ta gaya masa ba, don ta san zai tuna mata da aikin koyarwa da ya daɗe yana so ta nema. Ta gwada duk abin da aka ce yana magani: magana gaban madubi, ruwan ɗumi da zuma, jan numfashi. Ma'u ta ce ta ɗauka masu sauraro duk awaki ne. Ta gwada, sai ta ga awakin ma sun daina kiwo sun zuba mata ido.

Ran Laraba ta hau mota zuwa Bungudu, daga nan ta hau babur zuwa Karakkai, wajen kakarta ta wajen uba, Inna Tambaya. Ba shawara ta je nema ba. So take ta yini a inda ba fitila ja.

Tun daga zaure ta jiyo lugude. Tabare na sauka a turmi bi da bi, ana cilla su sama, a tafa, a cafe. Akwai injin niƙa a garin, amma Tambaya ta ce furar inji warin ƙarfe take yi, don haka geronta a turmi yake mutuwa. Tsohuwa ce siririya, hannuwanta kamar igiya, tana tsakiyar matan gidan tana ba da waƙa suna amsawa. Waƙar ranar ta akuyar maƙwabciya ce da ta cinye mata zogale, maƙwabciyar kuma tana cikin masu amshi, tana dariya har da hawaye.

"A'a, ga 'yar rediyo," in ji Tambaya, ba ta ko tsaya ba. "Anka ce kina da shiri, munka kunna, sai munka ji wani ƙato na karanta lamba. Na ce to, ɗiyar Haliru ta koma namiji."

"Inna, ko ruwa ba ki ba ni ba."

"Randa tana inda kika bar ta, ƙawata."

Bayan an sha fura, Rufaida ta ciro waya ta ce za ta karanta musu wata waƙa da ta rubuta. Ta gyara murya: "Ni ce wadda aka ce muryarta ba za ta iya tsallake ƙofar ɗaki ba, amma ga ta nan tana ratsa duwatsu da ƙoramu."

Tambaya ta tauna goro, ta dube ta. "Wagga waƙa ce, ko takardar neman aiki?"

Matan suka kwashe da dariya. Rufaida ta ji kunnuwanta sun yi zafi. "Ma'anar fa, Inna? Ku taku duk akuya ce da zogale."

"Ma'anarki na nan, ba mai taɓa ta. Tashi ki riƙe tabarya. Hwaɗe ta kina daka, mu ji."

Rufaida ba ta barin ƙalubale ya wuce. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta karɓi tabarya. Rabonta da daka tun hutun firamare, amma hannu bai manta ba. Ta ɗaga, ta fara rera layin, tabarya ta sauka ta bar ta a tsakiyar magana. Ta sake, numfashi ya ƙare kafin ta kai ga duwatsu. A zuwa na gaba ta yar da ƙoramu, ta yar da ƙofar ɗaki, ta yar da "ni ce wadda". Abin da ya rage ya zauna daidai tsakanin duka da duka:

"Sun ce ba ni kaiwa, ga ni na kai."

Ba wanda ya ce musu komai, matan suka amsa: "Daka, ɗiya, daka."

Ta maimaita, suka amsa. Gumi na bin bayanta lokacin da ta lura da abu biyu. Muryarta ba ta rawa. Sannan tambayar da ta sa wa shirinta suna, ga amsarta nan a tsakar gidan kakarta, kuma ba a iya bayyana ta da baki, sai an ji.

"Inna, za ki zo rediyo ran Asabar? Ko kina tsoro?"

"Ni?" Tambaya ta dafa ƙirji. "Ranar bikin ubanki na yi waƙa gida cike da mata har bisa katanga, ba ki ko cikin lissahi. Zan zo. Amma da turmina. Turmin birni ba shi da murya."

Kwana biyu ta yi a Karakkai, ran Juma'a suka taso tun rana na sama, don kowa ya san ba a son yamma ta riski mutum a hanya. A tashar Bungudu direba ya ce turmi ma fasinja ne. Tambaya ta ce ta yarda, amma tunda fasinja ne a ba shi kujerar gaba. Ƙarshe dai aka ɗaure shi a but, tabare biyu suka leƙo ta taga har Gusau.

Da hantsin Asabar turmi ya hau bene. Hamza da kansa ya kama gefe ɗaya, yana nishi yana cewa ba zai yarda ƙarshen wasan nan ya wuce shi ba. Aka ajiye shi a tsakiyar ɗakin watsa shiri, Ma'u ta sauko da makirfo ɗaya kusa da bakinsa, ta ɗaga biyu daidai tsayin masu daka.

Tambaya ta shigo da ƙunshinta a ka, tana surutu tun daga matakala. Ƙofa mai nauyi ta rufu a bayanta, hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Ta dubi bangon da aka lulluɓe da soso, ba taga, ba sama, ba kaza ko ɗaya. Surutun ya ragu.

"Ke yarinya," ta ce da Ma'u, "ina mutanen?"

"Suna gidajensu, Inna. Bungudu, Kwatarkwashi, Tsafe, har da na cikin motoci."

"Suna ganina?"

"A'a, ji kawai za su yi."

"To ni ƙaƙa zan san sun ji?"

Ma'u ta yi murmushi ta koma bayan gilashi, inda Hamza ya riga ya samu kujera, Malam Idris kuma yana tsaye da ledarsa. Rufaida ba ta kula da tambayar ba, hankalinta na kan fitila. Ma'u ta ɗaga hannu, ta sauke. Fitila ta kama.

"Assalamu alaikum, masu sauraro." Muryar ta fito siririya, tana kaɗawa, amma ta fito. "Rufaida Haliru ce, a shirin Daga Ina Waƙa. Yau ina tare da kakata, Inna Tambaya daga Karakkai, gwanar waƙar daka. Inna, gaida jama'a."

Shiru.

"Inna, sallama za ki yi."

Tambaya na tsaye ƙiƙam, idonta a kan makirfo kamar an ce maciji ne. Bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Rufaida ta ji bushewar nan ta fara hawowa. Ta yi sauri ta miƙa mata tabarya, don ta san in hannu ya kama aiki baki zai biyo.

"To bari mu fara da daka, jama'a su ji."

Tambaya ta karɓa, ta leƙa cikin turmi, ta ɗago. "Ina hatsin?" Raɗa ta yi, amma makirfo ba ya san raɗa.

Rufaida ta leƙa turmin. Ita ta ɗauka gero na cikin ƙunshin Inna. Ƙunshin kuwa zane ne da goro da carbi, don Tambaya ba ta taɓa zaton za a rasa tsabar gero a birni guda ba.

"Sautin kawai muke so, Inna. Buga hakanan."

"Turmi wohi?" A nan ne muryar tsohuwa ta fito sarai. "A gidanmu ba a yi. Kiran yunwa ne. Uwata ba ta yi ba, ni ba ni hwarawa, balle a kunnen Zamfara duka."

Rufaida ta san dokar. Tana ƙarama ta sha ranƙwashi a kanta, ranar da ta mai da turmi ganga. Kwana uku tana tunanin sauti da makirfo, abin da za a daka bai ko faɗo mata ba.

Shiru ya sake sauka, irin shirun da ke sa mutum ya jijjiga rediyonsa ya ga ko batir ne. Ta gilashi ta hango yatsan Ma'u na matsawa wajen maɓallin sanarwar rigakafin dabbobi. Hamza ya sunkuyar da kai, ko shi abin ya daina ba shi dariya. Sai idonta ya sauka a kan Tambaya. Tana riƙe da tabarya, idonta ya koma kan makirfo. Matar da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ita ce jikarta ta ɗauko daga tsakar gidanta, ta kawo ta ɗaki ba taga, ta tsayar da ita ta ji kunya a gaban mutanen da ba ta gani. Gobe a Karakkai har mai akuya sai ta samu abin faɗa.

Wani haushi ya taso wa Rufaida, ya ture bushewar gefe. Ta ɗaga wa Ma'u hannu, ta matso makirfo.

"Jama'a, bari in gaya muku abin da ke faruwa a ɗakin nan, tunda ba ku gani." Muryar na rawa, ta ƙyale ta ta yi rawarta. "Ga turmi, tun daga Karakkai. Ga tabare biyu. Ga tsohuwar da ta fi kowa baki a ƙasar Bungudu. Ga kuma ni, da na yi makaranta har na gaji, na ɗauko turmi a mota, na hau da shi bene, na manta da abin dakawa. Inna ta ce ba a dukan turmi wofi, kuma duk mai turmi a gida ta san gaskiyarta. Laifin nawa ne, ba nata ba."

Tana magana tana waige-waige, ko Allah zai sa a ga wani abu. Ba komai a ɗakin sai kujeru da wayoyin lantarki. Sai ta dubi gilashi. Malam Idris ya kai ƙuli baki ke nan.

"Amma ba mu rasa ba. A bayan gilashin nan ga manajanmu, Malam Idris, riƙe da leda cike da ƙuli-ƙulin Tsafe. Mutanen Tsafe, kun san ƙulinku, kun san ya cancanci turmi. Malam, jama'a na saurare. Za a ba mu, ko mu koma Karakkai?"

Malam Idris ya mai da ledar bayansa. Ma'u ta kife kai a kan tebur, kafaɗunta na girgiza. Fitilar waya ta fara ƙyaftawa, ta ɗago ta haɗa kiran ba tare da ta tambayi kowa ba.

"Salamu alaikum, daga Bungudu ne." Dattijon nan ne na makon jiya. "Malam Manaja, ka ji tsoron Allah ka ba yarinya ƙuli."

Ƙofa ta buɗe a hankali. Malam Idris ya miƙo ledar kamar mai raka ɗansa makarantar kwana, ya koma bayan gilashi.

Rufaida ta juye ƙulin a turmi, ƙararsa ta shiga makirfo kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Ta ɗaga tabarya ta sauke. Tambaya ba ta motsa ba. Ta sake saukewa, ta kama kiɗan ita kaɗai, ta ɗora waƙarta a kai:

"Sun ce ba ni kaiwa, ga ni bisa bene,
Murya ta yi rawa, ba ta faɗi ba."

Ba mai amshi, sai ta amsa wa kanta: "Daka, ɗiya, daka." Ta saci kallon kakarta. Har yanzu makirfo take kallo. Rufaida ta tuna tambayar da tsohuwa ta yi wa Ma'u, ta gane abin da ya ɓace mata a ɗakin: Tambaya ba ta taɓa yin waƙa ba tare da fuskar da za ta jefa ba. Sai ta juya ta fuskance ta sosai, ta kashe mata ido ɗaya.

"Tsohuwar Karakkai mai bakin faɗa,
Yau ta ga fitila, baki ya mutu."

Kan Tambaya ya juyo a hankali. Idanunta suka ƙanƙance.

"Ke," ta ce.

Tabarya ta biyu ta tashi, ta faɗa daidai gurbin da ta farko ta bari.

"Wa ta ce ya mutu, ɗiyar Haliru?
Ni na goye ki kina ta majina,
Yau kin hau bene kina hura hanci."

"Daka, Inna, daka," in ji Rufaida, dariya na neman ƙwace mata kiɗan.

Daga nan abin ya ɓalle. Tambaya ta cilla tabarya sama, ta tafa, ta cafe, saura kaɗan ta taɓa silin. Ta yi wa mai ƙuli baiti na godiya, ta yi wa direban Bungudu nasa. Rufaida ta hango Hamza, ta jefa masa: "Mai jiran kujera, nemi tabarma." Ya ɗaga hannu biyu sama alamar ya sallama.

Da suka tsaya shan iska, tambayoyin da suka maƙale mata tun makon farko suka fara fitowa da kansu.

"Inna, baitin nan na majina, daga ina ya zo?"

"Daga bakinki. Ke kika tsokane ni."

"In ba wanda ya tsokane ki fa?"

"Sai in tsokani akuya. Ba a rasa wanda za a yi wa."

"To in kalma ta yi yawa a baiti?"

"Ke za ki hwaɗa musu wannan. Ina ƙoramunki?"

Rufaida ta ba masu sauraro labarin dogon layinta na waya, ta karanta shi yadda yake, sannan ta rera abin da tabarya ta bar mata, don su ji bambancin da kunnensu. Ta ce ita dai ƙoramun na nan a ranta, wata rana sai ta samo musu kiɗan da zai ɗauke su. Tambaya ta ce sai dai a daka da turmi biyu.

Waya ba ta huta ba. Wata mata mai suna Husna ta kira daga Tsafe, ana jin tata tabaryar na sauka a bayan murya. Ta ce ita ma tana da baiti a kan mijinta da ke cewa miya ba gishiri alhali bai kawo ba. Ta rera ta waya, jika da kaka suka yi mata amshi daga Gusau. Tela ya hawo a fusace zai yi ƙarar ƙura na zubo masa a kan shaddar mutane, ya tsaya a bayan gilashi da almakashi a hannu, aka ga kansa na gyaɗawa.

Ma'u ta zana da'ira a iska da yatsa, alamar a rufe. Rufaida ta dubi agogon bango ba ta yarda ba. Ta yi sallama, ta gode wa Tsafe da ƙulinta, fitila ta mutu.

Sai a lokacin ta jingine tabarya. Ta zauna a kujera.

"Tsoron ya tafi?" in ji Ma'u da ta shigo naɗe wayoyi.

"Ina fa. Yana nan, tun sallama yake tsaye a bayana. Ban dai samu lokacinsa ba ne."

Malam Idris ya shigo, ya wuce kowa, ya leƙa turmi. Ƙulinsa ya zama gari mai laushi, ƙamshin citta ya cika ɗakin. Ya daɗe yana kallo. Ya dangwala da yatsa ya ɗanɗana.

"Malama Rufaida."

"Na'am, Malam."

"Asabar mai zuwa ki zo da hatsinki. Da ta bayanta ma. Ba na son a sake kallon ledata a gidan nan."

Rufaida ta miƙe tsaye, ta gyara gyalenta. "In sha Allahu, Malam."

Hamza ya leƙo ta ƙofa. "Hajiya mai waƙa, ina taya ki murna."

"Na ce maka ka adana ta."

"Na adana. Amma baitin tabarmar nan, a cire shi. Matata na saurare."

Tambaya kuwa ta durƙusa tana kwashe garin ƙuli tana mayarwa cikin ledar. Ta ƙulle bakinta, Malam Idris ya miƙo hannu, ta cusa ta cikin ƙunshinta.

"Kwaɗon zogale zan yi da shi, Malam, in akuya ta bar mini. Turmin dai na bar muku aro. Kowa ya buga shi wohi, zan ji daga Karakkai."

Suna sauka bene, tana gaba Rufaida na biye da ƙunshi, tsohuwa ta tsaya a tsakiyar matakala ta juyo.

"In mun koma gida, kar in ji kin ce na ji tsoro. Sanyin ɗakin ne ya kama mini murya."

"Ai kowa ya ji, Inna. Har Tsafe."

"Sanyi ne, na ce."

"To, sanyi ne," in ji Rufaida. Ta gyara ƙunshin a kanta, suka fito titi, tana lissafin inda za ta samu gero mai kyau kafin Asabar.